Lasin Baba Jeje a Tsakanin Gada Biyu

Shekara talatin da ɗaya Rasaki Ajagbe ya yi yana jan mota tsakanin Ilotan da Agberu, ko kazar wani bai taɓa takewa ba. Ni shaida ce, don ashirin da shida daga cikin shekarun nan a rumfata yake cin abinci. Ni ce Iya Latifu mai amala ta bakin tashar Ilotan, kuma direban da ya ce bai san hannuna ba, to ba a tasharmu yake lodi ba.

Baba Jeje ake ce masa, wato mai bi a hankali, har a goshin bas ɗinsa haka aka rubuta. Tafiya da shi sai mai haƙuri. Tun daga nesa in ya hango rami zai fara lallaɓa birki, fasinja na ta tsaki, shi ko a jikinsa. Direbobi kan tsokane shi su ce wanda ya shiga motar Jeje da ɗanyar ayaba, nunanniya zai sauke a Agberu. Sai ya ce, “Amma dai ai za a sauke ta.”

Ɗan manomin koko ne, ya gudo daga ƙauye tun bai yi gemu ba, ya koyi tuƙi wurin masu jigilar katako. Ya auri Sidikatu mai kifi, suka haifi 'ya'ya mata huɗu, dukansu da sitiyari ya yi musu makaranta. Ba waliyyi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Ga rowa, ga mita. Kullum sai ya juya gandar da na sa masa ya ce ta jiya ta fi girma. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya, lasinsa. A leda yake naɗe shi, ya sa a aljihun ƙirji ya maƙale da fil. Tun da ya fara tuƙi ba wanda ya taɓa rubuta masa takardar laifi, kuma in hira ta yi hira sai ya faɗa maka haka sau uku.

Hanyarmu gada biyu gare ta a kan kogi ɗaya. Da can kogin Aropa shi ne iyakar jiharmu da jihar ƙetare. Shekarar babbar ambaliya ruwan ya bar hanyarsa, ya dawo ta ɓangarenmu, aka gina masa sabuwar gada. In ka taso daga Ilotan sabuwar za ka fara hayewa, ka yi kamar mil ɗaya da rabi cikin kurmi, sannan ka iso tsohuwar, wadda babu komai a ƙarƙashinta sai yashi da ciyawa. Dutsen iyaka yana nan gindin tsohuwar, ciyawa ta rufe shi. 'Yan sandan ƙetare suka ce su ruwa suka sani, inda ruwa ya je nan ƙasarsu ta je. Suka hayo suka kafa bukka tsakanin gadojin, ba wanda ya ce musu uffan.

Shugabansu wani sajan ne mai wuya kamar turmi. Sunansa na yanka ban sani ba, Kondo muke ce masa, da sunan kulkin da ba ya rabo da hannunsa.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina gaban motar Jeje, za ni kasuwar Agberu saro garin amala. Ashe ranar sun bar bukkarsu sun laɓe bayan kwana. Muna shan kwanar kawai sai ga katako mai ƙusoshi an wurgo gabanmu. Jeje ya danne birki, ya karkatar da motar gefe, wani kofur da ke tsaye a wurin ya yi tsalle ya faɗa kwalbati. Motar ba ta taɓa shi ba. Da wani direban ne da sai dai a kwashe shi a buhu.

Kondo ya iso ya fara da tarwatsa madubin gefe. Sannan ya fizge ƙofa.

“Kai tsoho, kashe mini yaro za ka yi?”

“Oga, ban gan ku ba, kwana ce.”

“To yanzu za ka gan mu.”

Ya shaƙo wuyan rigarsa ya jefo shi kan kwalta. Kulki na farko a kafaɗa ya sauka, na biyu a kunne. Kofur ɗin ya fito daga kwalbati duk taɓo, ya juya gindin bindiga ya sauke masa a baki. Na ji ƙarar haƙori. Su huɗu suka rufu a kansa da takalma, yana dunƙule yana kare aljihun ƙirjinsa da hannu biyu, kansa kuwa ya bar musu shi. Na diro ina kururuwa, “Ku ji tsoron Allah, sa'an ubanku ne!” Kondo ya waiwayo ya ɗauke ni da mari, ɗankwalina ya faɗa cikin ƙusoshin nan. Fasinja goma sha bakwai suna zaune, maza a cikinsu, kowa ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna su raina ɓaci yake.

Suka ja shi a ƙasa zuwa motarsu, na bi su da ƙafa har bayan tsohuwar gada, inda kotun tafi-da-gidanka ke zama ƙarƙashin rumfar tanti. Majistaren wani siriri ne mai tabarau, yana ta rubutu, bai ko ɗaga kai ba. Ya karanto tuhuma da Turanci. Jeje kuwa Turancinsa bai wuce na allon hanya ba. Da ya ga babban mutum na magana da kakkausar murya, sai ya yi abin da kowane ɗan halas zai yi a wurinmu. Ya kwanta rub da ciki, jini na ɗiga daga bakinsa, ya ce, “E ma binu, sa.”

Kada ku yi fushi, ma'anarta ke nan. Mu kuwa ko kai ka taka mu, mu za mu riga ka faɗin ta. Mai bin ka haƙƙi yana faɗa maka ita kafin ya tambaya, uwa tana faɗa wa jaririnta in yana kuka. Tafintan kotun, wanda shi ma ɗan sanda ne, kuma a cikin harshen nan aka haife shi, ya juya ya gaya wa majistare kalma ɗaya tak. Alƙalami ya motsa. Aka rubuta cewa Jeje ya amsa laifin tuƙin ganganci da ƙin tsayawa, an ci shi tara, an ƙwace lasinsa shekara biyu. Kondo da kansa ya ɓalle fil ɗin ya zare ledar. Duk dukan nan Jeje bai yi hawaye ba sai a lokacin.

Dokar tasharmu ba lasin ba layi. Bas ɗin Jeje ta koma gindin bishiya, akuyoyi na kwana ƙarƙashinta. Alhaji Tiamiyu, shugaban ƙungiyar direbobi, ya same shi a rumfata yana shan koko, don amala ta fi ƙarfin bakinsa.

“Jeje, ka bar abin nan. Akwai wanda na sani a ofishin lasin, kwana uku a buga maka sabo, a ɗan canja suna.”

“Da sunan wa, Alhaji?”

“Kowane suna mana! Mota ta san suna?”

“Ni na san nawa. Takardarsu ta ce Rasaki Ajagbe mai tuƙin ganganci ne. Ni! Sai sun goge.”

Ni ma na kira shi da sunan babbar 'yarsa na ce, “Baba Wosila, wa ya taɓa kai ɗan sanda ƙara ya dawo da haƙoransa?” Ya buɗe baki ya nuna mini wawulon da suka yi masa, ya ce ai ya riga ya biya wannan.

Babbar 'yarsa Wosila ce ta samo lauya, wata 'yar gajeriya mai suna Omolewa, murya kamar ta mai tallan gyaɗa. Da na gan ta na ce a raina wannan Kondo zai haɗiye ta ba ruwa. Ta saurari labarin duka, ba ta tsaya kan dukan ba, sai ta tambaya:

“Baba, lokacin da suka wurgo katakon, kun haye tsohuwar gada ko ba ku haye ba?”

“Ba mu haye ba, 'yata. Da saura.”

“Iya, ke ma haka kika gani?”

Na ce da ƙafata na taka sauran, zan manta ne?

Ta ajiye alƙalami ta ce to ai ba a ƙasarsu suka tare shi ba. Ba su da hurumin tsayar da ko mai keke a wurin, majistarensu ma ba shi da hurumin sauraron abin da ya faru a jihar da ba tasa ba. Ta shigar da ɗaukaka ƙara. Matsalar ita ce babbar kotun da za ta saurara a Agberu take, a ƙetare, kuma hanyar Agberu ɗaya ce.

Zama biyu na farko ɗagewa aka yi. Ran na uku Kondo ya riga ya samu takardar sammaci, ya san wanda ya jawo masa. Jeje na cikin motar wani direban tasharmu, Sunmonu, a matsayin fasinja, ni ba na nan, Sunmonu ne ya ba mu labari. Da suka iso bukkar, Kondo ya leƙa ya gan shi, ya ce, “A'a, ga mai shari'a! Sauko mu gaisa.” Jeje ya dafa bakin ƙofa zai sauko. Kondo ya kama ƙofar nan mai zamewa ya maka ta a kan hannun, ya buɗe, ya sake makawa. Yatsu uku suka karye, ƙashi ya leƙo waje. Ya ce da Sunmonu, “Ka kai shi kotu, kada ya makara.”

Kuma ya je. Da hannun naɗe a tsumman goge mota ya shiga kotun, aka kira ƙararsa, aka sake ɗagewa saboda lauyan gwamnati bai zo ba. Daga nan ne ya yarda aka kai shi wurin mai ɗori.

Washegari ba wanda ya yi lodi a tashar Ilotan. Direbobi da kamasho sun fi sittin suka cika motoci huɗu, da adduna da gora da jarkar fetur. Sunmonu ne a gaba. Mutum ne mai saurin hannu, matarsa na da tsohon ciki a lokacin. Jeje ya tsaya a bakin tasha da hannu a rataye yana roƙonsu, “Ku bari, kotu za ta yi magana!” Suka kauce masa suka wuce. Ni kuwa na rufe tukunyata na shiga motar ƙarshe. Ba zan ɓoye ba, so nake in ga jinin Kondo.

Kafin 'yan sandan su ankara an banka wa bukkar wuta. Kofur ɗin nan mai gindin bindiga aka kama, aka kwantar da shi kan katakonsu mai ƙusoshi, aka yi ta jibgarsa da gora yana kiran uwarsa. Na tsaya ina kallo, daɗi na ji, Allah Ya yafe mini. Kondo ya riga ya faɗa kurmi. Daga can cikin ganye muka ji harbi biyu. Sunmonu ya saki addarsa ya dafe wuya, ya yi taku uku kamar zai koma motarsa, ya kife. Jini ya riƙa tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Taron nan kowa ya yi ta kansa.

Na ruga wajen sabuwar gada, don na hango motar 'yan sandan jiharmu a tsaye a bakinta, hayaƙi ya jawo su. Na kama rigar babbansu.

“Oga, sun harbe mutum! Ga shi can yana shure-shure, ku zo!”

Ya ɓamɓare hannuna a hankali. “Iya, daga ruwan nan zuwa can ba huruminmu ba ne.”

A kan kwalta Sunmonu ya cika, mu muka ɗauko shi a bayan bas. Matarsa ta kai kuka ofishin 'yan sandanmu, suka ce ta je ƙetare. Ta je ƙetare da cikinta, sau huɗu, har suka gaji da ita suka ba ta amsa a rubuce, da hatimi da sa hannu, cewa inda mijinta ya mutu ba ya cikin jiharsu, don haka ba ruwansu da binciken. Ba wanda aka kama kan jinin Sunmonu har yau.

Lauya Omolewa ta ga takardar nan, ta roƙi matar ta ara mata. Jeje ya ƙi da farko, ya ce ba zai nemi lasinsa da takardar gawa ba. Matar Sunmonu da kanta ta kawo masa har gida ta ce, “Baba, ka karɓa. Ni ba ta yi mini amfanin komai ba.”

Sai da aka yi wata goma sha huɗu kafin a saurari ƙarar sosai. Lauya ta nemi izinin kawo sabuwar shaida, aka ba ta. Ta kawo taswirar safiyo, ta kawo takardar, ta kawo ni. Lauyan gwamnati, wani dogo mai sanƙo, ya taso mini.

“Iya, kin ji da kunnenki ya ce e ma binu?”

“Na ji.”

“Mutumin da bai yi laifi ba, haƙurin me zai bayar?”

Na ce, “Ɗana, ɗazu a bakin ƙofar kotun nan ka bangaje ni da jakarka. Wa ya ce da wani e ma binu, ni ko kai?”

Kotu ta tuntsire da dariya, alƙalin ma sai da ya rufe baki da hannu. Dattijo ne mai furfura, ya san maganar, da ita aka rene shi. Amma ba a kanta ya yanke hukunci ba. Ya ɗaga takardar matar Sunmonu ya tambayi lauyan gwamnati ko wurin da ba nasu ba ne ranar da aka yi kisa zai iya zama nasu ranar da ake kama direba. Dogon nan ya yi ta juya takardu. Alƙali ya ce iyaka tana wurin dutse, ruwa ya je inda ya ga dama. Ya soke hukuncin, ya ce a goge sunan Rasaki Ajagbe daga littafin masu laifi, a mayar masa da lasinsa.

Ranar nan kyauta na ciyar da tasha. Bukkar 'yan ƙetare ta koma bayan tsohuwar gada, Kondo kuma aka ce an mayar da shi wani gari. Jeje ya karɓo lasinsa, ya sabunta shi, ya sa makanike ya tayar da bas ɗin. Yatsunsa sun warke a karkace, amma suna kama giya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya kuma daina mitar ganda, abin da ya fi damuna ke nan.

Ranar Litinin da safe Alhaji Tiamiyu ya ba shi layin farko. Na bar wa 'yata rumfa na shiga gaba. Motar ta cika, ana ta yi masa barka. Muka haye sabuwar gada, muka sha kwana. Sai ga katako mai ƙusoshi shimfiɗe a kan hanya, ga sabuwar bukka, rufinta ko tsatsa bai yi ba. 'Yan sandan jiharmu ne. Hukuncin kotu ya isa ofishinsu, sun ji ashe wurin nasu ne.

Jeje ya tsaya a hankali. Wani kofur mai ƙiba ya zo yana washe baki.

“Baba Jeje da kansa! Ai kai ka ƙwato mana wurin nan, mun gode. Kawo lasin mu sa masa albarka.”

Ya ciro ya miƙa. Kofur ya juya shi gaba da baya, bai ga wani aibi ba. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya jawo jar tukunyar kashe gobara ya karanta jikinta.

“Baba, wannan wa'adinta ya wuce tun bara.”

“Motar ce ta daɗe a ajiye, ɗana. Yau zan canja.”

“To in ka canja ka zo ofis.” Ya ajiye tukunyar a ƙasa, ya zura lasin a aljihun wandonsa na baya.

Jeje ya sauko. Ya ce, “Ba ni.”

“Na ce ka zo ofis.”

“Ba ni, ɗana.”

“Kai tsoho, nan ba ƙetare ba ne. Nan ƙasarmu ce, alƙali ya faɗa, kai ma kana wurin.” Ya ture shi da tafin hannu a ƙirji, ya juya wajen motar da ke bayanmu.

Na ga Jeje ya sunkuya, na zaci tukunyar zai mayar mota. Da hannu biyu ya ɗaga ta sama ya sauke wa kofur ɗin a gefen fuska. Muƙamuƙi ya tashi daga wurinsa. Mutumin ya faɗi, Jeje ya hau kansa ya ƙara masa a kafaɗa, ya ƙara, yana wani gurnani da ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba. Na rungume shi ta baya ina kiran sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, bai ji ni ba. Sauran suka iso da gindin bindiga. Ko da suke jan sa, hannunsa na cikin aljihun kofur ɗin yana lalube.

Kofur bai mutu ba, amma an ce har yanzu da cokali ake ɗura masa abinci. Jeje shekara biyar aka ba shi, aka kuma haramta masa tuƙi har ƙarshen ransa. Da aka tambaye shi a kotu, a tsaye ya amsa, ya ce shi ya yi. Na yi kuka ranar kamar uwata ce ta mutu, kuma har gobe ban san wanda zan fi jin haushi ba.

Wosila ta koma wurin Lauya Omolewa ta durƙusa, ta ce a ɗaukaka ƙara kamar wancan karon. Lauya ta ɗaga ta, ta zaunar da ita a kujera, ta ce, “Babu inda zan kama, Wosila. Wurin nasu ne, mu muka tabbatar musu.”